Sai An Sassauta

Famfon nan na mahaifina ne.
Baƙi, dogo, ya lotsa a ƙugu
tun ranar da jakin Mati ya taka shi a Ƙofar Marusa.
Fatar cikinsa sau huɗu na canza ta,
ta ƙarshe daga harshen tsohon takalmi na yanko,
na jiƙa da man gyaɗa ta kwana.

Shekara talatin da ɗoriya
bawul ɗaya na sani,
mai 'yar roba a hanci kamar hanjin ɗan tsako.
In ta tsage, iska ta sulale da dare, ba sallama.
Da safe ka dangwali yawu ka shafa a bakinsa,
in ya yi kumfa ya tona kansa.
Ka je wurin Gide mai faci,
ya yanko maka wata, ya ƙi kuɗi,
ya karɓi goro.

Da irin na mota ya shigo gari,
kakkaura, da tsinke a maƙogwaro,
na yi masa kallon baƙo kwana biyu
sannan muka saba.
Shi ba ya da ciki:
danna shi da ƙusa, ya amayar da duk abin da ya sani.

Sai bana Hambali ya tara kuɗin cajin waya
ya sayo ɗan Kwatano,
ba kariya, ba ƙararrawa,
taya siririya kamar tsumagiya.
Bai yi shawara da ni ba.
Ni ma ban ce Allah ya sa alheri ba.
Wata biyu ke nan zancenmu
bai wuce ina kwana ba.

Ranar Laraba, na dawo daga masallaci,
na tarar tayar baya ta kwanta a zaure,
shi ko da jarrabawa ƙarfe takwas,
can hanyar Batagarawa.
Na ce bari in buga masa kafin ya fito,
ba sai an yi magana ba.

Bawul ɗin kamar basilla.
Bakin famfona ya yi masa yawa.
Na naɗe da tsumma, na ƙara da leda.
Na buga, famfo ya turo ni baya.
Na buga, iska ta bi gefe tana yi mini tsaki.
Mai koko ta wuce,
ta sayar, ta dawo,
ina nan tsugune, wuyan riga ya jiƙe,
ina tsine wa wanda ya ƙera abu ba baki.

Ban ji fitowarsa ba.
Silifas ɗinsa na fara gani.
Ya tsuguna, gwiwarsa na gogar tawa,
ya sa yatsa biyu ya murza ɗan kan nan,
sau uku, hagu,
ya ɗan taɓa shi, abin ya ce fis.
Ya laluba aljihu ya zaro wani ɗan ƙarfe rawaya,
bai fi ƙwayar gurjiya ba,
ya ɗaura a kai.

"Baba, wannan sai an sassauta mashi
kafin ya amsa."

Na kafa famfo.
Iska ta shige kamar dama gidansu ne.
Na ƙirga arba'in, yana latsa taya da babban yatsa.
"Ƙara biyar."
Na ƙara bakwai.

Ya murza ya rufe.
Na dangwali yawu, don sabo.
Ya yi dariya, amma bai hana ni ba.
Ba kumfa.

Har ya fitar da keken waje
ya juyo, ya miƙo mini ƙarfen.
"Aje wurinka, ni yarwa zan yi."

Yana nan aljihun gaba, tare da carbi.
Jiya Gide ya gani ina neman canji,
ya juya shi, ya leƙa ramin, ya ce wannan fa?
Na ce na yaro ne,
ajiya ya ba ni.